Yadda Baba Ya Hana Gimbiya Tsalle

Ranar da na fara lura da Kosta Mavros ina bayan kanta a shagon naman Baba, hannu ɗaya a kan sikeli, ɗaya riƙe da wani tsohon littafi da bangonsa ya cire. Tun ina shekara goma sha biyar na bar makaranta na kama shago. Sauran karatuna a nan na yi shi, daga jaridun da muke naɗe wa karnuka ƙashi da su har zuwa littattafan gwanjo na coci. Ya shigo ya ce a ba shi haƙarƙarin rago guda huɗu. Ina cikin aunawa sai gilashin shagon ya fara rawa.

Baba ne ya tayar da Gimbiya daga gaban gidan waya. Gimbiya motarsa ce, ja, mai ƙofa biyu, ƙirar 1971, da inji mai silinda takwas wanda ake jin ƙuginsa daga maƙabarta. Aibinta ɗaya ne. Da zarar Baba ya danna totur da ƙarfi, sai tayoyin baya su kama tsalle, daf-daf-daf, kamar dabbar nan kangaru da aka watsa wa ruwan zafi.

Kosta ko juyawa bai yi ba. Ya ce, "Sifirin baya ne ke murɗewa. Injin ya fi ƙarfinsu. Ya murɗa aksul, sifirin ya lanƙwashe, taya ta saki ƙasa, sifirin ya warware ya maka ta da ƙasa, a koma farko."

Na ce, "Motar babana ce."

Kunnuwansa suka yi ja. Maimakon ya ba da haƙuri, sai ya zaro fensir daga bayan kunne, ya ja takardar naɗe nama ya yi zane. Sanduna biyu na ƙarfe a ƙarƙashin aksul, kowace da dunƙulen roba a kanta, sannan kibiya babba da ya rubuta "gaba" a jikinta. Ya ce in aksul ya so murɗewa, robar za ta tokare sifirin, shi ke nan. Ni ban ji rabin bayanin ba, yatsunsa nake kallo. Da ya fita na ninke takardar na sa a shafi na casa'in na littafina.

A garinmu Binnawarra mutum ko dai ɗan Ja ne ko ɗan Shuɗi, gwargwadon kamfanin da ya ƙera motar gidansu, kuma da shi ake haihuwarka. Mu 'yan Ja ne tun daga kakana. Kosta kuwa ɗan Spiro ne mai soyayyen kifi da dankali a tsallaken titi, wanda shuɗiyar motarsa ke fake tana kallon shagonmu shekara ashirin. Baba ya sha rantsewa ɗan Shuɗi ba zai taka garejinsa ba, balle ya zauna a teburinsa.

Shekara ɗaya da rabi Kosta yana zuwa duk Alhamis sayen haƙarƙari huɗu. Ina ara masa littattafai, yana dawo da su da tabon baƙin mai a gefen shafi, ta haka nake sanin inda ya kai. Abin da na kasa faɗa masa, sai in ja masa layi da fensir. Ana saura wata guda bikin noma na shekara, ya ajiye littafi a kan kanta bai karɓi wani ba.

"An ɗauke ni aiki a wurin haƙar ma'adinai can yamma, Narelle. Motar Litinin bayan biki zan bi. In kin ce in zauna, zan zauna. Amma ki faɗa da bakinki. Na gaji da karanta jan layi."

Na buɗe baki, sai na ji Baba yana sara ƙashi a ɗakin baya. Abin da ya fito shi ne, "Huɗu ko biyar?"

Ya ce, "Huɗu."

A wannan makon ne Baba ya fito ƙofar shago da rigar aikinsa, ya ɗaga murya yadda duk titin zai ji.

"Mai kifi, a tseren bana a filin jirgin feshi zan nuna maka bayan Gimbiya."

Spiro yana goge gilashin motarsa bai ko ɗago ba. "Kullum muna ganin bayanta, Sarkin Fawa. Wani lokaci a sama, wani lokaci a ƙasa."

"Wannan tsallen ƙarfi ne ya yi mata yawa. Taka ko an roƙe ta ba za ta iya ba."

"To ka sa ta gasar tsallen dawaki mana, ka bar mu masu gudu."

Masu jiran buɗe mashaya suka kwashe da dariya. Nan take Baba ya yanke sharaɗi: wanda aka riga a tseren ranar biki zai sa hular launin ɗaya a shagonsa shekara guda cur. Ya dawo ciki yana huci ya ce mini, "Mako uku ya ishe ni. Mutumin da ke raba sa gida huɗu cikin minti ashirin, ƙarfe ne zai gagare shi?"

Dabarar farko nauyi ce. Baba ya ce abin da ke tsalle danne shi ake yi. Ya loda buhun siminti shida a but. Gimbiya ta zauna da gindinta, fitilun gaba suka koma kallon rufin coci, salansa tana jan ƙasa tana feshin wuta. Ya ɗauki Gwaggo Beryl, yayarsa, don ta shaida. Gwaggo ta ci kyautar kek ta farko sau goma sha ɗaya a bikin noma, ranar kuma tana riƙe da kek ɗin gwaji mai hawa uku a cinya. Ni ina kujerar baya. Baba ya danna totur a gaban banki. Daf-daf-daf. Da muka tsaya kek ya koma hawa ɗaya.

Gwaggo ta dubi kek ɗin. "Mervyn, ƙwai goma sha biyu ne a cikin nan."

"Amma kin lura tsallen ya ragu?"

"Na lura haƙorana na sama suna ƙarƙashin kujerarka."

Dabara ta biyu, Baba ya ce sifirin ne ragwaye. Ya je bayan mayanka ya kwance ganyen sifiri daga wata matacciyar tirelar ɗaukar shanu, ya cusa huɗu-huɗu a kowane gefe. Kwana uku yana ƙarƙashin mota yana zagin noti ɗaya-ɗaya da sunansa. Da aka sauke jak, bayan Gimbiya ya ƙi saukowa. Duk da simintin, ta ɗaga gindi sama kamar kaza mai tsattsage. Ga tauri. In ta taka murfin kwalba sai ka ji a ƙashin bayanka. Tsallen kuwa bai tafi ba, gajarta ya yi ya ƙara sauri, har madubi ya ɓalle ya faɗa aljihun Baba.

Spiro ya leƙo daga tagarsa. "Sarkin Fawa, tsani zan aro maka ko za ka iya buɗe but ɗin haka?"

"Ka soya kifinka. Wannan ilimi ne, ba garin fulawa ba."

Saura mako guda, Baba ya daina cin abinci sosai. Ni ma haka, amma ba don mota ba. Ran Lahadi da safe na ciro takardar nan daga shafi na casa'in, na shimfiɗa ta kusa da kofin shayinsa, na koma wanke-wanke. A zuciyata na ce in zanen ya yi aiki, zan gaya masa wanda ya yi shi, daga nan sauran maganar za ta zo da sauƙi.

Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. "Wa ya yi wannan?"

"A cikin littafi na same ta." Ban yi ƙarya ba.

"To ai abin da ke kaina ke nan tun bara. Sandunan tokare. Sai dai mai zanen bai san mota ba." Ya buga yatsa a kan kibiyar. "Dubi nan, wai gaba. Tsallen a gaba yake? A baya yake. Mutum na ciwon ƙafa ka ɗaure masa kai?"

"Baba, wataƙila akwai dalilin da ya sa..."

"Narelle, ke da littafi, ni da ƙarfe."

Ya sauko da dogon ƙarfen da muke rataye raguna a ɗakin sanyi, ya yanka shi biyu. Robar kuwa dugadugan takalmansa na zuwa coci ya ɓalle. Ya yi walda har wutar unguwa ta ɗauke sau biyu. Ya ɗaura sandunan suna kallon baya, kamar jelar kada guda biyu. Da yake Gimbiya da kai take shiga gareji, gwajin farko da baya ya zama. Ya sa ribas, ya danna totur har ƙasa. Motar ta fita sumul kamar an zare wuƙa daga kube. Ko gyaɗa kai ba ta yi ba.

Baba ya fito yana share ido. "Kin gani? Shekara ashirin da shida tana tsalle, yau ta daina."

"Ka gwada da gaba mana."

"In mai kifi ya gani ya kwaikwaya? Abin da ya yi a ribas, a giya ɗaya ninkawa zai yi. Wannan lissafi ne."

Daga ranar ya koma tuƙa ta a hankali kamar mai rakiyar gawa, yana ɗaga wa mutane hannu.

Ran Juma'a da yamma, jajibirin biki, Baba yana wanke Gimbiya a ƙofar gareji, but a buɗe yana shan iska. Sai ga Kosta. Ya tsaya daidai bakin titi, ƙafarsa ba ta taɓa simintin gidanmu ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya tashi ya dube ni ta taga. Na ɓuya bayan labule, amma na bar ido ɗaya.

"Baba Merv, ina wuni. Sandunan nan baibai suke."

"Ubanka ne ya aiko ka?"

"Ba wanda ya aiko ni. Awa biyu ta ishe ni in juya su. Ba sai kowa ya sani ba."

"Wato ka lalata su cikin awa biyu. Na san irinku. Kakanka ma haka ya yi wa kakan Narelle a kan batir."

"Baba, a haka ribas kaɗai suke riƙewa. In ka tashi da gaba..."

Baba ya juya masa tiyo. Kosta ya kauce, ya zagaya bayan mota, Baba ya bi shi da ruwa. Suka zagaya Gimbiya sau uku, Kosta yana bayani, Baba yana feshi. Rabin ruwan a kan Kosta ya sauka, rabin a cikin but. Da Kosta ya tsallaka titi yana ɗiga, Baba ya maida murfin but ya rufe gam, ya ce, "Leƙen asiri ya ƙare." Buhu shida suka kwana suna shan ruwa.

Ranar Asabar duk Binnawarra ta hallara a filin jirgin feshi. An gama gasar aske tumaki, an gama ta karnuka, an ba kabewar wani mutum kyauta. Rumfar matan kek tana bayan layin tashi, can gefe, don Gwaggo ta ce shekara talatin ba a taɓa samun motar da ta yi tsere da baya ba. Sabon kek ɗinta na tsakiyar tebur, alƙalai ba su kai kansa ba tukuna. Da aka kira tseren, matan duk suka fito kallo.

Mai sanarwa wani dillalin shanu ne mai suna Clarrie, wanda ko gaisuwa yake yi kamar yana gwanjo. Baba ya fizge makirfo daga hannunsa.

"Jama'a, abin da za ku gani yau ba a koyar da shi a makaranta. Injiniyoyin birni za su zo su tambaye ni, kuma ba zan faɗa ba. Spiro, na sa an ɗinka maka jar hula daidai kanka, na auna da kankana."

Spiro ya leƙo ta tagar motarsa. "Ka ɗaura bel, Merv. Kuma ka rufe baki kada ka ciji harshe."

Na hango Kosta a jingine da shinge, hannu a aljihu. An yi masa aski irin na mai tafiya.

Aka saki tuta.

Shuɗiyar mota ta tafi abinta. Gimbiya ta yi ƙara, ta tsuguna, ta daka tsalle irin wanda ba ta taɓa yi ba. Na ga hasken rana a ƙarƙashin tayoyinta. Ta sauko, ta sake tashi. Simintin da ya zama dutse guda yana dukan but daga ciki, gum, gum, kamar an kulle sa a ɗaki. Jelunan nan biyu suna caccakar ƙasa suna watso tsakuwa. Kan Baba yana bayyana a taga yana ɓacewa. Bai ɗaga ƙafa ba, don ya sha faɗa cewa ɗaga ƙafa na 'yan Shuɗi ne.

A tsalle na shida ƙasan but ya yage. Dutsen ya faɗo dim a kan layin tashi, da zanen buhu a jikinsa. Da nauyi ya tafi, sifirin tirela suka tuna aikinsu, bayan motar ya yi sama, ta karkata gefe ta tsaya tana rawa. Baba ya cafki sandar giya zai nemi ta ɗaya, ya samu wadda hannunsa ya saba da ita duk makon. Ya danna totur har ƙasa.

Gaskiyar Baba, ban taɓa ganin tashi mai kyau irin wannan ba. Ba tsalle, ba gargada. Gimbiya ta wuce ta gefen dutsen kamar kibiya, da baya, ta shige rumfar kek har sai da rumfar ta rufe ta ruf.

Can nesa Spiro ya tsallake layin ƙarshe, ya juyo a hankali kamar mai dawowa daga cefane. Clarrie ya gyara murya.

"Jama'a, Shuɗi ya yi mita ɗari biyu gaba. Ja ya yi mita arba'in baya. Duka biyun ba a taɓa yin irinsu a filin nan ba."

Dariyar da aka yi, tumakin da ke shinge sai da suka firgita. Aka ɗage tamfol. Baba ya fito ba ko ƙwarzane, sai dai kirim tun daga gira har bel, da jan ƙyallen kyautar farko na wata mata manne a kafaɗarsa.

"Kun dai ga tashin," ya ce. "Kowa ya ga tashin."

Gwaggo ta ɗaga wani abu daga kan bonet da ba ya kama da komai. "Ƙwai ashirin da huɗu ke nan, Mervyn."

Spiro ya iso da shuɗiyar hula, ya ɗora masa a ka bisa kirim ɗin, ya gyara mata zama. "Ta yi maka kyau, Sarkin Fawa. Ni ma da kankana na auna."

Baba ya je ya zauna a kan dutsen simintinsa. Ya dubi Gimbiya, gindi a sama, but a yage, salansa na lilo. Sannan ya ce, "A kira masu gwangwan su ɗauke ta."

Kosta ya tsallako shinge, ya durƙusa nesa kaɗan da motar ya leƙa. "Ba ta mutu ba, Baba Merv. Aksul lafiya lau. A cire sifirin shanun nan, a sa nata da sababbin robobi da shokazoba, a juya sandunan su kalli gaba, a toshe but. Aikin wata guda ne." Ya tashi yana kaɗe gwiwa, bai dube ni ba. "Sai dai ku nemi wani. Ni jibi zan tafi."

"Ko ba ka tafiya," in ji Baba daga ƙarƙashin shuɗiyar hula, "Gimbiya ba mai sa mata hannu sai ɗan gida."

Gwaggo ta ce, "Ai mun ga aikin ɗan gida. Ga shi ina kankarewa daga takalmina."

Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni wurin Clarrie ba. Na miƙa hannu, ya ba ni makirfo don mamaki, domin a garin nan akwai waɗanda ba su taɓa jin na faɗi abin da ya wuce nauyin nama ba. Abin ya yi ƙara a kunnen kowa. Na ji numfashina yana fita ta lasifika huɗu, har rumfar kabewa.

"Baba, zanen nan Kosta ne ya yi shi, kuma kibiyar daidai take."

Baba ya buɗe baki. Gwaggo ta cusa masa guntun kek.

Na juya wajen Kosta. Kunnuwan nan sun riga sun yi ja.

"Kosta Mavros, kada ka hau motar Litinin. Ka zauna. Na yi maka alkawari a gaban duk mutanen nan zan aure ka kafin a fara askin tumaki na gaba. A cikin jar motar nan za ka kai ni coci, da farin ƙyalle a bonet, kek ɗin Gwaggo a cinyata, kuma da gaba za mu tafi."